Kada ka yanke wa Fijo 504 sifirin

Ka ce mai 504 ɗin nan yana kukan motarsa tana kwanciya a kwana, kana tambaya ko a yanke sifirin a sa shokazoba mai tauri. A'a, yaro, ajiye abin yankan nan tukuna.

A 1968 Faransawa suka fito da motar nan, kamfanin Fijo na Kaduna da ya fara aiki a 1975 kuma ya daɗe yana haɗa ta. Abin da ya sa direbobinmu suka riƙe ta shi ne ƙafarta tana da wurin hawa da sauka sosai, tana shanye gargada. In ka yanke sifirin, ka rage wannan wurin, kuma sifirin ya ƙara tauri. Da ta faɗa rami sai ta daki robar tsayawa, wato robar da ke tare ƙafar in ta kai ƙarshen hawanta, ta yi tsalle, taya ta bar ƙasa. Tayar da ba ta ƙasa kuwa ba ta jin sitiyari, ba ta jin birki. Mai mota zai ɗauka ta ƙara kama hanya don ta daina rangaji, alhali a hanya mai ramuka riƙonta ya ragu.

Ka fara duba bushin, wato robar da ke tsakanin ƙarafan ƙafar mota, da boljoyin, mahaɗin da ƙafar ke juyawa a kansa. Robar da ta shekara arba'in ta riga ta mutu, kuma yawancin lilon da yake ji daga nan yake. Ni dai roba nake mayarwa; bushin mai tauri irin na zamani yana kawo ƙara da girgiza har cikin kujera. Sai shokazoba: sifirin ke ɗaukar nauyi, ita aikinta kashe tsallensa. Danna gefen motar ka saki. In ta yi ta lilo ba ta tsaya ba, ta gama aiki. Sa mai kyau, mai matsakaicin ƙarfi, hagu da dama tare.

In har yanzu tana kwanciya, sannan mu taɓa sitabilaiza, wato sandar ƙarfen da ta haɗa ƙafar hagu da ta dama, don ita ke rage kwanciya ba tare da ta ƙara wa motar tauri sosai ba. Amma kada ka ƙarfafa baya fiye da gaba, in ba haka ba bayan zai riƙa zamewa a kwana, musamman da damina. Rim kuma ka bar shi a inci 14, kaurin taya ma yana shanye duka.

Tambayi mai motar ko kaya yake ɗauka, sannan kawo jak mu ɗaga ta.