Ɗana Ya Daina Magana Bayan Allurar Ƙyanda: Ita Ce Ta Jawo?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana yana da wata 20. A da yana cewa "mama" da "zo", amma kusan wata uku ke nan da ya daina. Ko na kira sunansa sau goma ba ya waiwayowa, amma da ya ji ƙarar waya daga wani ɗaki sai ya ruga. In yana son ruwa sai ya ja hannuna ya ɗora a kan kofi, bai ko dubi fuskata ba. Wata ƙawata ta ce allurar ƙyanda ce ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. Ƙanwarsa tana da wata 4, na ce ba za a yi mata ba. Wallahi barci ya ƙaurace mini.

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama, Allah ya ba yaro lafiya. Ba zan iya yanke hukunci daga wasiƙa ba, amma abubuwan da kika lissafa suna cikin alamomin galahanga (autism, lalurar da ke shafar sadarwar yaro da mu'amalarsa da mutane) da muke dubawa, kuma sun isa a kai shi wurin likitan yara a wannan makon. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne jan hannunki ba tare da ya dube ki ba. Yaro ɗan wata 18 yakan ga jirgi ya nuna shi da yatsa, sannan ya waiwayo ya ga ko kin gani. Ba jirgin yake so ba, ke yake so ki taya shi kallo. Wannan waiwayen shi ne abin lura, fiye da yawan kalmomin da ke bakinsa. Ki kula kuma ko yana ɗaga hannu ya yi sallama, ko yana wasan kwaikwayo kamar ciyar da 'yar tsana. Rasa kalmar da yaro ya riga ya iya kuwa, ko a wata nawa ne, ba abin jira ba ne.

Ki nemi a fara da gwajin ji, domin jin ƙarar waya bai nuna yana jin kowane sauti ba. Sannan akwai takardar tantance galahanga mai suna M-CHAT-R, tambayoyi 20 da iyaye ke amsawa ga yara 'yan wata 16 zuwa 30.

Yanzu maganar ƙawarki, wadda kusan kullum sai na ji irinta. Zancen nan yana da uba, kuma an san shi. A 1998 wani likita a Ingila, Andrew Wakefield, ya wallafa rahoto a mujallar The Lancet a kan yara 12 kacal, ya alaƙanta allurar MMR, wato ta ƙyanda da hangum da rubela, da galahanga. Daga baya ɗan jarida Brian Deer ya bankaɗo cewa wani lauya mai shirin kai kamfanonin rigakafi ƙara yana biyansa kuɗi, kuma bayanan yaran ba su yi daidai da abin da ke cikin takardun asibiti ba. A 2010 mujallar ta janye rahoton, aka kuma soke sunansa daga rajistar likitocin Ingila. Shi an kore shi daga aiki, amma ƙaryarsa tana nan tana yawo a WhatsApp da sabuwar riga.

Kuma ba a bar zancen haka ba, an bincika. A Denmark an bi diddigin yara fiye da 650,000, aka fitar da sakamako a 2019: waɗanda aka yi wa allurar ba su fi waɗanda ba a yi wa samun galahanga ba. Japan ta dakatar da MMR a 1993, amma a birnin Yokohama adadin yaran da ake ganowa bai sauka ba, ƙaruwa ma ya ci gaba da yi. Wani likita mai suna Leo Kanner ya bayyana lalurar a 1943, shekara 20 kafin allurar ƙyanda ta farko ta fito a 1963. To ina aka taɓa ganin ɗa ya girmi ubansa?

Na san abin da zuciyarki ke cewa: "Amma da idona na gani, bayan allurar ya canza." Gaskiya ne kin gani. Sai dai shekarun da ake yin allurar su ne daidai shekarun da alamomin ke fitowa fili, domin a lokacin ne ake sa ran yaro ya fara nuni da magana. Zakara yana cara gari ya waye, amma ba shi ya kawo asubar ba. Galahanga tana farawa ne tun ƙwaƙwalwa na ginuwa, kuma gado ne ke da kaso mafi tsoka, kamar yadda bincike a kan tagwaye ya nuna. Abin takaici ma, rubela da uwa ta kamu da ita tana da ciki tana cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin, kuma allurar da ake tsoro ita ce ke hana ta.

Idan kika hana ƙanwarsa rigakafi, ba ki rage mata haɗarin galahanga ko ƙwayar zarra ba, kin dai buɗe wa ƙyanda ƙofa, cutar da ke makantar da yara, ta kumbura ƙwaƙwalwa, ta kashe. Abin da yarinyar ke buƙata shi ne sa ido, domin a cikin ƙannen masu galahanga kusan 1 cikin 5 kan samu. Ki faɗa wa likita ya tantance ta a wata 18 da wata 24.

Shi kuwa yayan, kada ki jira takardar tabbaci kafin a fara koya masa sadarwa wurin masanin magana. Ki ɗauki gajeren bidiyonsa yana wasa da lokacin da kike kiransa, ki tafi da shi asibiti, tare da katin rigakafin ƙanwarsa.