Makunnin lezata yana tashi da kansa, me zan gyara?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne daga Agege. Na haɗa lezar naitirojin mai makunnin tartsatsi (ƙarafa biyu masu giɓi a tsakani, wuta na tsallakawa), da kwayil ɗin mota a matsayin kunama, wato abin da ke tayar da makunnin. Wani lokaci makunnin ya makara, wani lokaci ya tashi ban taɓa shi ba, kuma duk tashi sai Arduino ɗina, ƙaramar kwamfutar da ke ba da umarnin tashi, ta ɗauke. Ina matsalar take?

Amsa: Ɗan'uwa, fara da kwayil ɗin nan. An yi shi ne don filogin mota, ƙarfinsa kan ɗauki maikirosakan (kashi ɗaya cikin miliyan na sakan) masu yawa kafin ya kai ƙololuwa, alhali hasken lezar naitirojin, mai tsawon zango nanomita 337, nanosakan (kashi ɗaya cikin biliyan na sakan) kaɗan yake yi ya mutu. Kunama mai hawa a hankali tana barin giɓin ya zaɓi lokacin da ya ga dama. Ka caja ƙaramar kafasita (ma'ajiyar wuta), ka sauke ta da SCR (makunnin lantarki mai sauri) cikin taransifomar bugu mai saurin hawa, bugun ya yi kusa da ƙarfin da ke kan giɓin. Ni a ganina saurin hawa ya fi yawan bolt muhimmanci.

Tashi da kansa kuwa, ka matsa kusa da iyaka ne. Busasshiyar iska tana fashewa a wajen kilobolt 30 a kowace santimita, amma kada ka dogara da lissafi. Cire kunamar, ka riƙa ƙara wuta har giɓin ya fashe, sannan ka yi aiki a kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na wannan adadi. Ka kuma duba jikin robar da ke riƙe da ƙarafan. Danshin Legas da gishirin iskar teku suna kwanciya a kai, za ka ga wani baƙin layi siriri kamar zanen fensir: ta nan wutar ke satar hanya. Goge shi, rufe makunnin, ka riƙa hura masa naitirojin, tunda kana da shi a hannu.

Arduino ba ta da laifi. Tartsatsin yana dawowa ta wayar kunama da ta atin, wato wayar da ke kai wuta ƙasa. Sa ta a akwatin ƙarfe, ba ta batirinta daban, ka aika umarnin ta wayar faiba, kada wani jan ƙarfe ya haɗa ɓangarorin biyu. Atin ɗin ɓangaren wuta duka su haɗu a wuri guda, da gajerun wayoyi masu faɗi.

Kafasita tana riƙe wuta bayan an kashe soket. Sa mata rezistar saukewa, mai zuƙe ragowar wutar a hankali, kuma kada hannunka ya shiga sai ka taɓa ta da sandar atin, wani yana tsaye kusa da kai.