Ina ya kamata a ajiye ambilans biyu a Damagaram?

Tambaya: Malam, ina aiki a wani sashen lafiya a nan Damagaram. Ambilans biyu gare mu, duka a gareji guda suke kwana, kuɗin mai kuma ba ya isa. Ko salula da kwamfuta za su iya nuna mana inda ya fi dacewa mu ajiye su?

Amsa: Za su iya, Malam, amma da salula za ku fara. Ku saka KoboCollect, manhajar tattara bayanai, a wayar kowane direba. Kyauta ce, kuma GPS na aiki ko babu rezo. Duk kiran da ya shigo a rubuta abu huɗu: inda aka ɗauki mara lafiya, lokacin kira, lokacin tashi, lokacin isa. Kada a sa sunan kowa. Ku tara na wata shida aƙalla, damina a ciki, don hanyar da ake bi a Maris ba lalle ta biyu a Agusta ba.

Daga nan sai kwamfuta. Ku sauke QGIS, manhajar aikin taswira, ku ɗauko taswirar hanyoyi daga OpenStreetMap, taswirar kyauta ta intanet, ku mai da ita kan UTM 32N, tsarin awon taswira na yankin Damagaram, don awo ya fito da mita. A cikin QGIS akwai kayan aiki mai suna Service area, shi ke zana iyakar inda mota za ta kai cikin mintunan da kuka zaɓa. A nan aka fi yin kuskure. Idan ba ku gyara ba, QGIS na ɗauka kowace hanya ana gudun kilomita 50 a awa, alhali wanda ya san lungunan Birni da cunkoson Zango ranar kasuwa ya san ba haka ba ne. Ku ba kwalta nata gudun, hanyar rairayi nata, daga abin da direbobinku suka auna.

Lissafin da nake so ku riƙe shi ne wannan. Motar da ke gudun kilomita 30 a awa tana cin kilomita 5 a minti 10. Idan direba ya ɓata minti 4 kafin ya tashi, saura kilomita 3 kawai. Sau da yawa rage wannan jinkiri ya fi buɗe sabuwar tasha arha.

Tambaya: To mu raba su ke nan?

Amsa: Sai bayananku sun nuna. Rabawa na faɗaɗa yankin da ake isa da wuri, shi ne ma tushen lissafin zaɓen wurin tasha da masana biyu, Church da ReVelle, suka fitar a 1974. Amma mota ba ta zama wuri guda. Wadda ta tafi Mirriya, kilomita kusan 18, ta komo da mara lafiya babban asibiti, ta bar unguwarta ba kowa. A misali, idan kowace mota na kan aiki kashi 30 cikin 100 na yini, lokacin da duka biyun ba sa nan wajen kashi 9 ne.

Shawarata, kada ku gina komai tukuna. Tasha ta dare da rana na cin ma'aikata rukuni uku masu karɓa-karɓa, da wuta da ruwa. Ku nemi CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, mai inuwa da wurin caji kusa da inda kira ya fi yawa, mota guda ta yini can a sa'o'in da aiki ya fi zafi, ta komo gareji da dare. Bayan wata uku ku gwada mintuna da litar mai da na baya.