Fatawa: Hukuncin sanya waƙar soyayya ta Dolly Parton a walimar aure

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne a Nashville ta jihar Tennessee a Amurka, garin da ya zama cibiyar kiɗan kantiri, wato kiɗan da ya samo asali daga karkarar Amurka. Akwai waƙar Dolly Parton mai suna "I Will Always Love You", wadda a kanti da cikin tasi duk ake sa ta, kuma babu batsa a cikinta. Zan yi aure bayan sallah, amarya tana so a sa ta a wurin walima. Ya halatta? Kuma ina da laifi idan na ji ta a kanti?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya sa albarka a auren, ya ba da zuriya ɗayyiba.

Ɗan'uwa, karɓuwar waƙar nan sananniya ce. Ta fito a 1974, ta zama ta ɗaya a jerin waƙoƙin kantiri na Amurka, ta sake zama ta ɗaya a 1982 da mai ita ta sabunta ta saboda wani fim, wanda labarinsa ma na gidan karuwai ne. A 1992 Whitney Houston ta rera ta, ta yi mako 14 tana kan gaba a babban jerin waƙoƙin Amurka. Sai dai yawan masu son abu ba ya cikin dalilan shari'a, don haka mu ajiye farin jininta gefe, mu duba baitocin daban, kiɗan daban.

Baitoci magana ce, mai kyau mai kyau ce, mummuna mummuna ce, kamar yadda malamai suka faɗa game da waƙe. Ambaton so bai zama haram ba don so ne. Ka'abu bin Zuhair ya buɗe ƙasidarsa da begen Su'ada, kuma malaman Sira sun kawo cewa a gaban Manzon Allah (SAW) ya rera ta. Waƙar Dolly kuwa babu siffanta jikin mace ko kira zuwa ga alfasha a cikinta. Amma ka gaya wa amarya cewa waƙar ban kwana ce. Dolly ta rubuta ta ne a 1973 lokacin da za ta rabu da Porter Wagoner, abokin sana'arta a shirin talabijin, tana cewa zamanta tare da shi cikas ne, gara ta tafi. Ko a al'ada, wa zai tarbi amarya da zancen rabuwa?

Kiɗan shi ne wurin da maganar take da nauyi, don da jita da sauran kayan tsirkiya aka yi ta. Mazhabobin nan huɗu sun tafi a kan hana irin waɗannan kaya. Hujjarsu hadisin Abu Malik al-Ash'ari a Bukhari game da mutanen da za su halatta zina da alharini da giya da kayan kiɗa, da kuma fassarar Ibn Mas'ud ga aya ta 6 a Suratu Luƙman. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajiranmu ke karantawa a zaure, an hana sauraron kayan kiɗa da waƙa da gangan, an kuma hana jin daɗi da muryar macen da ba ta halatta gare ka ba. Ibn Hazm ya raunana hadisin Bukharin da cewa isnadinsa a yanke yake, Ibn Salah da Ibn Hajar kuma suka yi masa raddi, suka nuna a haɗe yake. Ni raddin nasu ya gamsar da ni. Duk da haka, Shaikh Yusuf al-Ƙardawi da wasu sun sauƙaƙa idan baitoci masu tsabta ne, shi ya sa ba na kiran wanda ya bi su fasiƙi, kai ma kada ka kira surukanka haka.

Hukuncin da na rinjayar shi ne kada a sa ta a walima. Taro ne na maza da mata, kai ne mai gayya, kuma za ka tilasta wa masu ganin haramci su saurara ko su tashi. An yi rangwame a kan duffi, wato bandiri, a biki, sai mata su yi nasu da shi a ɓangarensu. Idan kalaman so take marmari, rubuta mata naka, ka faɗa mata da bakinka, da lada ma a ciki.

Abin da ya shiga kunnenka a kanti ko a tasi ba tare da nufi ba, babu laifi a kanka. Ibn Umar ya toshe kunnensa da ya ji sarewar makiyayi, amma bai umarci Nafi'u da ke tare da shi ya toshe nasa ba. Yi cefanenka ka fita, kada ka tsaya don ta ƙare.

Wallahu a'alam.