Tambaya da Amsa: Me ya sa ƙananan kifin da nake ajiyewa don ƙugiya suke mutuwa kafin gari ya waye?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai son fatsa ne, kuma na fi samun manyan kifi idan na sa ƙaramin kifi mai rai a ƙugiya. Matsalata ita ce da yamma nake kamo su, kamar guda 60 ko 70, in zuba a bokiti mai lita 20 in rufe saboda kar su yi tsalle, amma kafin asuba sai in tarar rabi sun juya ciki sama, sauran kuma duk sun yi laushi. Ina ba su abinci, ina canza musu ruwa da na famfo mai tsafta, har ƙanƙara nake jefawa in ana zafi. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Toh gaskiya abubuwan nan uku da kake yi don ka taimake su, abincin da ruwan famfon da ƙanƙarar, kowanne yana da hannu a mutuwar, amma babban mai laifin shi ne yawansu a cikin ruwa kaɗan kuma a rufe. Ba yunwa ke kashe su ba, kifi lafiyayye zai yi kwanaki bai ci komai ba kuma ras yake. Numfashi ne ke gagararsu.

Bari mu yi lissafi kaɗan ka gani da idonka. Ruwa ba ya riƙe iskar oksijin da yawa, kuma duk yadda ya ƙara ɗumi riƙonsa raguwa yake. A digiri 10 lita ɗaya tana ɗaukar kusan miligiram 11, a digiri 20 kusan 9, a digiri 30 kuwa ta koma wajen 7.5. Kaga kenan bokitinka mai lita 20 a daren zafi, ko da ruwan ya ƙoshi da iska iya ƙoshi, gaba ɗaya abin da ke ciki bai wuce miligiram 150 ba, kuma ba duka za su iya amfana da shi ba don da ya sauka ƙasa da 3 ko 4 a lita yawancin kifi sun fara shan wuya. Sannan abin haushin shi ne zafin da ya rage iskar shi ne dai ya ƙara musu buƙatarta, saboda jikin kifi da zafin ruwa yake tafiya, ƙarin digiri 10 yana iya kusan ninka yawan iskar da yake sha. Ga su 70, ga tsoro don yanzu aka kamo su suna ta zagaye, ga murfi ka danne. Ai ka ga inda aka dosa. In ka leƙa da tsakar dare zaka same su duk sun taso sama, baki a buɗe suna ta haɗiyar saman ruwa, wannan ba wasa suke ba, neman ceto suke.

Maganin farko ka rage su ko ka ƙara ruwa. A ganina in babu injin iska kar ka wuce goma sha biyu zuwa ashirin masu tsawon yatsa a lita 20, kuma mazubi mai faɗin baki ya fi mai zurfi don ta saman ruwa iska ke shiga. Amma abin da zai canza maka komai shi ne ɗan injin iskan nan mai amfani da batir, da siririn tiyo da dutsen da ke fasa iskar ta fito ƙanana-ƙanana. Ka zaɓi dutsen da ke ba da ƙananan kumfa, ba mai ɓulɓula manya yana wujijjiga kifin ba, kuma ka riƙe batir na biyu a aljihu don mutuwar inji na awa biyu cikin dare ta isa ta gama da su. Murfi kuma a huda shi ko a ɗaura raga a bakin.

Yanzu zancen abinci, nan ne mutane da yawa ke faɗawa saboda tausayi. Kifi yana fitar da amoniya, yawancinta ma ta wurin da yake numfashi take fita, ba ta kashi kaɗai ba, kuma guba ce a gare shi, tana lalata wannan jan naman na gefen kai da yake shaƙar iska da shi. A kogi ruwa na tafiya da ita, a tankin kiwo da ya daɗe akwai ƙwayoyin halitta da ke cinye ta, amma irin waɗannan sai an yi makonni kafin su kafu, bokitin dare ɗaya ba shi da su sam. Ka ba su abinci, sun ci sun ƙara fitar da ita, wanda ba su ci ba ya kwanta a ƙasa ya ruɓe yana cin iskar da ma ba ta isa ba. Kuma dafinta yana ƙaruwa ne da zafi, so matsala ta hau kan matsala. Masu jigilar kifi da rai har hana shi abinci suke na kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya saboda wannan dalilin. Don Allah in dai ajiyar kwana biyu ko uku ce kar ka ba su komai. Awannin farko bayan kamu su ne suka fi ɓata ruwa, zaka ga kashi da ɓawon jiki sun taru a ƙasa da kumfa mai yauƙi a sama, toh a nan ne ya kamata ka yi canjin farko, ka kwashe kumfar, duk wanda ya mutu kuma a cire shi nan take.

Shi kuma ruwan famfo tsaftarsa ta ɗan adam ce. Kulorin da ake sawa don kashe ƙwayoyin cuta yana ƙona wurin numfashin kifi ko da ɗan kaɗan ne. In kulorin zalla ne, ka tara ruwan a buɗe ya kwana ɗaya cur da injin iska a ciki zai fice, amma wasu wuraren da kuloramin suke amfani, wato kulorin da aka haɗa da amoniya, shi kuwa ba ya tashi da ajiyewa, sai da maganin cire kulorin da ake sayarwa don tankin kifi. Mafi sauƙi ka ɗebo ruwan da ka kamo su a ciki, jarka ɗaya daban don canji. Ruwan rijiya ko na burtsatse ba kulorin amma sau da yawa iskarsa kaɗan ce, a kaɗa shi sosai tukuna. Kuma kar ka juye duka lokaci ɗaya, kashi ɗaya cikin uku ya isa, a hankali.

Ƙanƙara tunaninka daidai ne, yadda kake sawa ne ba daidai ba. In ka jefa ta tsirara tana narkewa da kulorin ɗin ruwan da aka yi ta da shi, sannan sanyin ya faɗo musu farat ɗaya. Ka daskarar da ruwa a robar da aka rufe, ka sa ƙarama ɗaya, ta narke ka canza, kuma ka samu kula maimakon bokiti don ita ba ta barin zafin ya yi ta hawa da sauka, a ajiye ta a inuwa. Kar ka bari bambancin ya wuce digiri 2 ko 3 a lokaci ɗaya. Kar kuma ka sanyaya su fiye da kima, in ka fito da kifi daga ruwa mai sanyi ƙarara ka jefa shi a kogi mai ɗumi, minti kaɗan zai sandare a ƙugiya, wahalarka ta tashi a banza. Da ka isa bakin ruwa ka riƙa ƙara musu ruwan wurin kofi-kofi na kamar minti 20 kafin ka fara.

Akwai abin da ba ka ambata ba amma ina zargin yana ciki, wato hannu. Santsin nan na jikin kifi shi ne rigarsa, shi ke kare shi daga cuta, yana kuma taimaka masa riƙe gishirin jikinsa. Damƙa da busasshen hannu ko raga mai kaushi tana goge shi, bayan kwana biyu sai kaga wani farin abu kamar auduga ya fito a wurin. Ka jiƙa hannu, ka yi amfani da ƙaramar koma mai laushi, kuma hannun da ya taɓa fetur ko sabulu ko maganin sauro kar ya shiga ruwansu. Ɗan gishiri marar ayodin yana taimaka wa kifin ruwan daɗi sosai wajen rage wahala, giram 3 a kowace lita, wato giram 60 a bokitinka, kimanin babban cokali uku, a narkar da shi daban kafin a zuba. In ka canza ruwa na sabon ruwan kawai zaka ƙara. Irin kifin ma yana da tasiri, masu tauri irin su tarwaɗa da ke iya shaƙar iska a sama suna jure abin da zai kashe wasu, su kuwa dangin sadin masu iyo ba tsayawa sai mazubi mai zagaye, in mai kusurwa ne cunkushewa suke a lungu har hancinsu ya yi ja.

In kana kusa da ruwan ne ma ka huta da duk wannan, ka sa su a kejin raga ka nutsa a inda ruwa ke ɗan gudu, ba cikin ciyayi mara zurfi ba, don can iskar faɗuwa take ƙwarai gab da asuba.

Ragowar da ba ka yi amfani da su ba, in ba daga wannan ruwan ka kamo su ba kar ka sake su ciki, kar ma ka juye ruwan bokitin. Ta haka cuta da baƙin kifi ke shiga inda babu su. Bayan an gano wata cutar kifi mai suna VHS a manyan tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada a 2005, jihohi da dama sun kafa dokoki masu tsauri kan ɗaukar irin wannan kifin daga wani ruwa zuwa wani. Ka bincika dokar inda kake fatsa, ragowar kuma ka mayar gida cikin kularka ko ka binne su nesa da gaɓa.