Tambaya da Amsa: Ko AirTag zai nemo min duron idan ya ɓata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai ɗaukar hoton biki ne a Daura. A daminar bara iskar hadari ta ƙwace min duron, ɗan jirgin nan marar matuƙi da nake ɗaukar hoto da shi, ya faɗa gonaki ta hanyar Zango, har yau ban sake ganinsa ba. Na lallaɓa na sayi wani, DJI Mini. Abokina ya ce in maƙala masa AirTag, wai ko ina ya faɗi zan gani a waya. Haka ne? Daga mai karatu, Daura.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, ƙanena. Rabin magana abokinka ya faɗa maka.

AirTag ɗin nan da kamfanin Apple ya fitar a 2021 ba shi da GPS, ba a sa masa layi. Siginar Bluetooth yake fitarwa. Sai wata iPhone ta gitta kusa da shi, ta ji shi, ta aika da wurin, sannan ka gani a taka wayar. To a gonar gero ta hanyar Zango iPhone nawa ke wucewa a yini? Mai gonar Tecno ce a aljihunsa, ko 'yar ƙarama mai tocila. Da a ƙofar fada ya faɗi ranar hawan Sallah, da kafin ka juya an nuna maka. Kuma in kai kanka ba iPhone kake riƙewa ba, kada ka yi asarar kuɗinka. Mai Samsung kuwa, Galaxy SmartTag ne nasa.

Duk da haka ni na sa wa nawa, kuma ya yi min rana. Wani watan Agusta duron ɗina ya sauka a gona bayan Ƙofar Sauri a Katsina, ta hanyar Kaita, batir ya ƙare. Manhajar DJI Fly da ake tuƙa jirgin da ita ce ta kai ni gonar, domin tana ajiye wurin da ta rabu da jirgin a taswira. Amma gero ya fi ni tsawo, kunya ɗaya kamar 'yar'uwarta. Na fi rabin awa ina bi ina ɗaga waya sama kamar mai neman sabis, raɓa ta jiƙa min wando har gwiwa, kafin wayar ta kama AirTag ɗin. Na danna ya yi ƙara. Ƙarar siririya ce, kamar ta ɗan tsako, sai da na roƙi ɗan acaɓan da ya kawo ni ya kashe mashin sannan muka ji ta. Jirgin yana kife a gindin gero, farfela ɗaya ta karye. Ka ga taswirar jirgin ce ta kai ni gona, shi kuma AirTag ya yi aikin taku ashirin na ƙarshe.

Wajen maƙalawa, nauyinsa giram 11 ne, Mini ɗinka kuma 249, ka haura 250 ke nan da ake ware ƙananan jirage da shi a ƙasashe da yawa. Kada ka rufe idanun da ke ƙasan jirgin ko ƙofofin shan iska, kada kuma ka ɗora shi a tsakiyar baya. Salatif ba ya jure zafin Afrilu, zai saki. Nemi 'yar jakarsa ta roba ka ɗaure tamau, ka gwada tashi ƙasa-ƙasa a tsakar gida tukuna. Batirinsa CR2032 ne, irin na makullin mota, yana kai kusan shekara.

Abu ɗaya da ba ka tambaya ba: tashin duron a Najeriya yana buƙatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Da halin da jiharmu ke ciki, kada a ga baƙo yana kutsawa gona da waya a sama. Fara gaida mai unguwa, a haɗa ka da yaro. Ni sai da na ba mai gonar kuɗin goro saboda karan da na tattake.