Ni ma ƙananan rubutun nan sun taɓa mayar da ni Ƙaura hannu rabbana

Assalamu alaikum. Malama, da na ga tambayarki cewa kin ƙara girman rubutu a fuskar kwamfuta har ya cika ido, amma da aka buga wa Baba takardar sai ta fito kamar sawun kiyashi, wallahi sai da na ajiye kofin shayina. Abin da ya same ni ke nan a Gusau, kuma har yau in na tuna raina sai ya sosu.

Bari in fara da abin da ya ruɗe ki. Danna Ctrl da alamar tarawa, idonki kawai yake yi wa aiki a kan allo, firinta babu ruwanta da shi. Girman da zai hau takarda a wani wuri daban ake saita shi. In kin danna Ctrl da P a Chrome, manhajar buɗe shafukan intanet, ki duba ƙasa inda aka rubuta "More settings", ki buɗe, ki nemo "Scale", ki zaɓi "Custom". Akwatin yana karɓar lamba daga 10 zuwa 200. Ki fara da 120 ko 130, kina kallon hoton takardar da ke gefe yana canzawa.

Ni ban san wannan ba ranar da na kawo ɗiyata rajista. Tun da asuba muka baro Ƙauran Namoda, kun dai san hanyar, ba wanda ke son yamma ta yi masa a kanta. Muka biya kuɗi, muka shiga wani shagon kwamfuta a buga mana rasit. Yaron shagon yana latsa waya da hannu ɗaya ya miƙo mana takarda, rasit ɗin ya takure a gefe guda, sauran duk fari fat. Na ce ɗana, wannan ai ba ya karantuwa. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Baba, haka ta hito. Tabarau za ka saya." A gaban ɗiyata fa! Ni da na yi shekara da shekaru ina duba rubutun 'yan firamare, ni ne yau ban iya karatu ba. Na haɗiye, muka tafi muka bi layi har bayan azahar. Da muka isa gaban tebur, ma'aikacin ya kai takardar kusa da hancinsa, ya ce ba ya bambance 3 da 8 a lambar biyan kuɗin, a sake bugowa. Muka koma shagon, an ɗauke wuta, yaron ya ce sai an tara mutane zai tada janareta, kuma bugu na biyu kuɗinsa daban. Da aka tada, ya sake fito da irin ta farko sak. Kafin mu nemi wani shago an tashi daga ofis. Yarinyar ta yi shiru a mota har gida, wannan shirun ya fi mini zagin ciwo. Washegari kuɗin mota sabo.

Abin haushin, da ƙanen matata ya duba takardar, nan take ya gane. An bar firintar a kan shafi biyu cikin takarda ɗaya, wurin da ake kira "Pages per sheet". Wani saitin yakan zauna yadda wanda ya yi bugu na ƙarshe ya bar shi, to in wani ya matse takardunsa don ya rage kuɗi, mai bi masa shi ke kwasa. Ki duba nan ma, ya zama 1. Sannan ki tabbata girman takarda yana kan A4, irin wadda ake sayarwa a nan, ba "Letter" ta Amurka ba.

Amma fa kada ki zuba 200 don kin ji haushi. Na yi haka daga baya, shafi uku ya koma tuli, gefen dama na jadawalin ya yanke. In shafin mai faɗi ne, ki kwantar da takardar a kwance maimakon a tsaye, ki rage farin gefe. In kuma takardar hukuma ce mai hoto da lambar nan da ake haskawa da na'ura, irin silif na JAMB, ki bar ta a 100 yadda aka tsara ta.

Tunda na Baba karatu ne kawai, ga wadda na fi so: ki shafa iya rubutun da yake buƙata da linzamin kwamfuta, ki kwafe, ki zuba a Word, ki sa girman harafi 16. Babu talla, babu hotunan da ke shan tawada. Haka nake yi wa tsohuwarmu addu'o'inta, har leda nake sa a manna mata don kada ruwan alwala ya ɓata. Firefox ma, wata manhaja irin Chrome, yana da zaɓin sauƙaƙa shafi a wurin bugu, yana share tarkacen gefe, sai dai ba kowane shafi yake karɓa ba.

In da waya kike aiki, ni a tawa ban ga wurin sa lambar "Scale" ɗin ba. Dabarar da nake yi, in zan ajiye shafin a PDF sai in zaɓi girman takarda A5, wato rabin A4, in na je shago in ce a cika A4 da shi, rubutun sai ya tashi sosai. Kuma don Allah ki tsaya a bayan mai shagon, ki ga hoton takardar da idonki kafin ya danna. In ya ɓata rai, ya ɓata. Wancan yaron dai har yau ban sake taka ƙofarsa ba, ko hoto zan wanke gara in ƙara kuɗin kabu-kabu.

Ki gwada 130 ɗin ki faɗa mana yadda ta fito. A gaishe da Baba, Allah ya ƙara masa lafiya.